Martani Ga Masu Ɗora Wa Kasuwar Itacen Kano Laifin Ƙarewar Daji

A shekarar 1975, ƙasashen Sahel ba su gama farfaɗowa daga farin da ya halaka dabbobi da amfanin gona tsakanin 1972 da 1974 ba, sai wani marubuci ɗan Amurka mai suna Erik Eckholm ya fitar da wata ƙasida ta hannun cibiyar Worldwatch da ke birnin Washinton, inda ya ja hankalin duniya cewa bayan tsadar man fetur da ta gigita ƙasashe masu arziki tun 1973, akwai wata matsalar makamashi wadda ta fi ta ƙuntata wa talaka, wato ƙarancin itacen girki. Hujjarsa a taƙaice ita ce jama'a suna ƙaruwa, kowane gida yana hura wuta safe da yamma, itatuwa kuwa ba sa girma da saurin da ake sare su, saboda haka kowane babban birni yana cinye itatuwan da ke kewaye da shi, ya fara da na kusa, ya miƙa zuwa na nesa, har ƙasa ta zama faƙo, iska da ruwan sama su kwashe albarkarta. Ya kafa misali da Yamai da Wagadugu, inda ya ce kuɗin itace yana cin kaso mai tsoka na abin da lebura ke samu. Bayansa masana a Bankin Duniya da wasu hukumomi suka mayar da maganar lissafi, wanda aka sani da lissafin giɓin itace, wato a auna itacen da jama'a ke ƙonawa a shekara, a auna wanda dazuzzuka ke ƙarawa a shekara, a ɗebe wannan daga wancan, abin da ya rage a ce shi ne ɓarnar da ake yi wa daji, sannan a ƙiyasta shekarar da itatuwan ƙasa za su ƙare.

Wannan ra'ayi ya tsufa a littattafai, amma a Kano har gobe yana nan da ransa, domin shi ake maimaitawa a jawaban ranar dashen itatuwa da rubuce-rubucen jaridu, kuma magadansa sun zarce shi kansa Eckholm, wanda abin da ya fi nema shi ne a yawaita dashe. Su kira suke yi a hana sayar da itace, a kama duk wanda aka gani da gatari, kamar dai duk damin da ya shigo ta Ƙofar Na'isa ko Ƙofar Dawanau wani yanki ne na daji da aka kashe. Ya wajaba a mayar da martani ga wannan matsayi, domin ya haɗa abubuwa biyu da ba su da dangi ya ba su hukunci ɗaya: itacen da ake samu ta hanyar gyaran bishiyar da ke da mai ita, da itacen da ake samu ta hanyar kayar da bishiyar da ba ta da kowa. Na farko kasuwarsa ce ke raya itatuwa, na biyu kasuwarsa ce ke cinye su, kuma duk dokar da ba ta rarrabe su ba za ta kashe na farko ta bar na biyu.

Ba wannan ne karon farko da aka yi wa ƙasar Hausa irin wannan hasashe ba. Tun a 1935 E. P. Stebbing, malamin ilmin daji a Jami'ar Edinbura, wanda ya zagaya Arewacin Najeriya shekara guda kafin nan, ya rubuta cewa Sahara tana tafe tana shirin binne Kano da maƙwabtanta. Gwamnatocin Ingila da Faransa suka kafa kwamitin haɗin gwiwa wanda ya bi iyakar Najeriya da Nijar a 1936 da 1937, ya dawo da rahoton cewa bai ga alamar wannan tafiya ta hamada ba.

Idan maganar Eckholm gaskiya ce a ko'ina, to a Kano ya kamata ta fi tabbata, domin birni ne da ya shafe ƙarnoni yana dafa abinci da itace, kuma karkarar da ke kewaye da shi tana cikin mafi cunkoson jama'a a duk Afirka ta Yamma, ana noma gonakinta kowace damina ba hutu. An kuwa gwada maganar a nan. Wasu malaman labarin ƙasa na Jami'ar Bayero, cikinsu har da Reginald Cline-Cole da J. A. Falola da Janet Nichol da Michael Mortimore, wanda ya fara nazarin karkarar Kano tun shekarun 1960 yana Jami'ar Ahmadu Bello, sun gudanar da bincike kan itacen girkin Kano, Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ta buga shi a 1990. Sun kwatanta hotunan da aka ɗauka daga jirgin sama a 1972 da na 1981, suka kuma shiga gonaki suka ƙirga itatuwa da idonsu a tsakiyar shekarun 1980, wato bayan fari biyu masu tsanani. Abin da suka tarar ya saɓa wa hasashen gaba ɗaya, domin gonakin da suka fi kusa da birni ba su rasa itatuwansu ba, ana samun manyan itatuwa kimanin 12 zuwa 15 a kowace hekta, wato fili mai faɗin eka biyu da rabi, kuma a wasu wurare adadin ƙaruwa ya yi. Daga baya, a 2019, Nichol da wani abokin aikinta suka sake duba yankin da hotunan tauraron ɗan'adam, suka ga yawan itatuwan gona ya ci gaba da ƙaruwa cikin shekarun da jama'ar Kano suka ninka. Da'irar faƙon da aka yi alkawarin gani a bayan badala ba ta bayyana ba.

Dalilin haka ba ɓoyayye ba ne ga duk wanda ya san yadda manomin Kano ke zama da itatuwansa. Kowace ɗorawa da tsamiya da kuka da kanya da gawo da ke tsaye a gonakin Ungogo ko Kumbotso ko Dawakin Kudu ko Gezawa tana da mai ita, ana gadonta, ana iya sayar da 'ya'yanta ko rassanta, kuma ba mai ɗora mata gatari ba da izini ba. Mai ita ba ya kayar da ita sai ta mutu ko wata babbar larura ta kama shi, domin kalwa da garin kuka da tsamiya kuɗi ne na kowace shekara, faskaren gindinta kuwa kuɗi ne na rana ɗaya. Abin da yake yi shi ne datse rassa, musamman da rani da kuma gab da faɗuwar ruwa, sannan ya sassabe sabara da kalgo da geza da suka yi toho a gona, ya rage ƙananan itatuwan da suka fito a cushe a kan iyaka. Wannan aiki shi malaman daji ke kira rage itatuwa, ma'ana a cire wasu daga cikin waɗanda suka yi cunkoso domin waɗanda aka bari su sami haske da ruwa da abincin ƙasa su yi kauri, tamkar dai yadda manomi ke rage shukar gero a rami ya bar ƙwarara biyu ko uku. Abin da ke fitowa daga wannan aiki shi ne ƙirare da ƙananan rassa da sanduna, wato ƙaramin itace, kuma a kansa ne dukkan lissafin ya rataya.

Matsalar ƙaramin itace ɗaya ce a duk duniya: wahalar tara shi ta fi ta babba, kuɗinsa kuma bai kai na babba ba. Mai saran gungume ɗaya yana samun lodin da mai tattara ƙirare zai yini bai haɗa ba, ɗanyen itace kuma kusan rabin nauyinsa ruwa ne, ga shi da cin wuri a mota saboda rassa ba sa shiryuwa, don haka kuɗin dako yakan cinye ribarsa tun bai yi nisa ba. A yammacin Amurka, inda dazuzzuka suka cushe da ƙananan itatuwa bayan shekaru masu yawa ana kashe kowace wutar daji, hukumomi sun san cewa ragewa ita ce kariya daga gobara, amma aikin yakan tsaya saboda babu mai sayen abin da aka rage, kuma galibi ana ƙiyasta cewa idan tashar da ke ƙona itace don samar da lantarki ta wuce nisan kimanin kilomita 80, to kuɗin mota ya fi kuɗin kaya. Sai a tara itacen a ƙone shi a wurin, ko gwamnati ta biya kuɗin aikin daga baitulmali. Ƙasa mai arziki ke nan take fafutukar ƙirƙiro kasuwar da za ta sayi ƙaramin itace, alhali birnin Kano ya daɗe da ita, wasu kuma suna neman a rufe ta.

Abin da ya sa ragewa take biyan manomin Kano, alhali ba ta biyan ma'aikatar daji, shi ne sara ɗaya yana ba shi amfani huɗu ko biyar. Idan ya datse gawo da rani, wanda shi ne itacen da ke ganye lokacin da sauran suka kaɗe, tumaki da awaki sun sami abinci. Idan ya rage rassan darbejiya ko tsamiya kafin shuka, inuwa ta ragu a kan gero da dawa. Sanduna masu miƙewa sun tafi danga da rumfa da ƙotar fartanya. Ragowar ta shiga murhun gida. Abin da ya yi saura ya tafi birni. Aikin kuma yana faɗowa ne a lokacin da ƙwadago ke da araha, bayan an gama kaka kuma ba a fara sharar gona ba. Dakon ma, a tsohon tsari, ba a kan itace kaɗai yake ba, domin jakin da ya shigo birni da dami da safe ba ya komawa haka nan, ana ɗora masa mangala cike da taki, wato kashin dabbobin da ake kiwo a cikin gidaje da toka da shara, ya kai gona. Mortimore ya rubuta wannan musaya tun shekarun 1960, kuma ita ce ke bayyana yadda gonakin kusa da badala suka jure noma shekara da shekaru ba su gaji ba. Itacen da ya bar gona yana komawa cikinta a matsayin toka. Wani masanin tattalin arziki na Jamus, Johann Heinrich von Thünen, ya nuna tun 1826 cewa a ƙasar da dako ke da tsada, wurin samar da itacen wuta dole ya kasance kusa da birni saboda nauyinsa, kuma kusancin ne ke sa mai ƙasa ya ga ribar renon itace. Karkarar Kano ta tabbatar da wannan ƙa'ida a aikace.

A cikin birni kuma masu sayen irin wannan itace ba su da iyaka, kuma kowane da irin wanda yake so. Mai ƙosai da mai waina suna son ƙirare masu saurin kamawa, masu gurasar Jakara suna buƙatar abin da zai zafafa tanderu, mai tsire da mai balangu suna neman itace mai garwashi, marina irin na Ƙofar Mata suna amfani da toka wajen haɗa baba, matar aure a cikin lungu kuwa, wadda kuɗin cefanen yini kaɗai ke hannunta, tana aiken yaro ya sayo mata kashi ɗaya daga maƙwabta. Lungunan tsohon birni ba sa ɗaukar babbar mota, saboda haka ko itacen da aka sauke a bakin titi sai an faskara shi an rarraba a kura da baro kafin ya isa gidaje, kuma a wannan sarƙa tsofaffi da mata masu sana'ar cikin gida da 'yan ci-rani suke samun abin kaiwa baka.

Daga nan ake gane inda lissafin giɓin itace ya karkace. Ya ƙirga itacen da ke cikin gandun daji ya manta da wanda ke tsaye a gonaki da kan iyakoki da cikin gidaje, wanda a ƙasar Kano shi ne mafi yawa. Ya ɗauka duk itacen da aka sara ya mutu, alhali sabara da kalgo da darbejiya da marke suna sake toho daga kututture. Ya ɗauka abin da gida ke ƙonawa ba ya canzawa, alhali idan itace ya yi tsada mata suna rage wuta, su haɗa da kara da totuwar masara da ɓawon gyaɗa, su kashe garwashi su ajiye. Mafi muni, ya ɗauka tsadar itace alama ce ta halaka kawai, bai lura ba cewa ita ce ke sa manomi ya bar tohon da a da zai tumɓuke. Gerald Leach da Robin Mearns sun tattara irin waɗannan gyare-gyare a wani littafi a 1988, suka kuma nuna cewa a yawancin Afirka buɗe sababbin gonaki ne ya fi share daji, itacen girki kuwa sau da yawa ragowar wannan shara ce.

Duk da haka, adalci ya wajabta a faɗi inda Eckholm ya yi gaskiya, kuma wurin ba ƙarami ba ne. Binciken Jami'ar Bayero ɗin da ya wanke gonakin kusa shi ne kuma ya nuna cewa tun shekarun 1970, da kwalta ta yawaita kuma manyan motoci suka maye gurbin jakuna, yawancin itacen da birni ke ƙonawa ya koma zuwa daga nesa, har daga wuraren da suka kai kilomita 300, musamman ta kudu, daga dazuzzukan jihohin Kaduna da Bauchi. A can babu mai bishiya da za a biya, abin da ɗan kasuwa ke biya shi ne ladan masu sara da kuɗin mota da 'yan kuɗaɗen hanya, ita bishiyar kanta kyauta ce. Wanda ya sami kaya kyauta kuwa zai iya karya farashi, sai itacen nesa ya fi na kusa araha, manomin Kano ya rasa wani ɓangare na kasuwarsa. Mai babbar mota ba ya son ƙirare, gungume yake so, saboda shi ne ke cika mota da nauyi mai kuɗi. Gawayi ya ƙara tsananta lamarin, domin kilo ɗaya nasa yana ba da zafin da ya kusa ninka na busasshen itace, don haka yana jure dogon dako, amma a ramin gargajiya sai an ƙona kilo 5 zuwa 8 na itace kafin a sami kilo ɗaya, kuma masu yin sa manyan itatuwa masu tauri suke bi, irin su ƙirya da kaɗanya da marke, waɗanda ke shekaru masu yawa kafin su girma. Dajin Falgore, wanda ke kudancin jihar a yankin Tudun Wada da Doguwa da Sumaila, da sauran gandayen daji na gwamnati, sun sha irin wannan matsi. Ɓarnar gaskiya ce, kuma tana da ciwo ga duk wanda ya san waɗannan wurare. Amma ta faru ne a inda itace ba shi da mai shi, ta tsallake inda yake da mai shi, kuma ra'ayin Eckholm, wanda ya ɗora komai a kan yawan masu girki, ba shi da bayanin wannan bambanci.

Saboda haka hani na gaba ɗaya, irin wanda wasu jihohin Arewa suka sha sanarwa, yana faɗawa ne a kan wanda bai kamata ba. Mai jaki da mai amalanke da tsakar rana suke tafiya, kowa yana ganinsu, su ake fara tarewa, mai babbar mota kuwa yana da jarin da zai biya tara ya wuce. Jamhuriyar Nijar ta ɗanɗani wannan. Dokar daji ta Faransa ta 1935 da wadda ta gaje ta a 1974 sun sa itatuwa masu daraja a hannun hukuma ko da a gonar mutum suke, manomi na iya shan tara saboda ya datse reshen gawon da ya rena, sai manoma suka koyi tumɓuke kowane toho tun yana ƙarami don kada ya jawo musu malamin daji. A 1983 wani ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, wanda ke aiki da mishan a Maraɗi, ya lura cewa 'yan tsirran da ke gonaki toho ne na kututturan tsofaffin itatuwa masu rai a ƙarƙashin ƙasa, ya shiga ƙarfafa manoma su zaɓi ƙarfafa kaɗan daga kowane kututture su rena, su datse sauran. Manoman yankin suka kira hanyar sassaben zamani. Ba ta bazu sosai ba sai da hukuma ta sassauta, manomi ya tabbatar cewa abin da ya rena nasa ne, kuma zai iya sayar da abin da ya rage. Masu bincike irin su Chris Reij da Gray Tappan sun ƙiyasta cewa ta wannan hanya itatuwa kimanin miliyan 200 sun dawo a kan hekta miliyan 5 a jihohin Maraɗi da Damagaram, adadin da babu wani shirin dashe a Sahel da ya kusance shi. A 2020 gwamnatin Nijar ta fitar da doka wadda ta tabbatar wa manomi haƙƙinsa a kan itatuwan da ya rena.

Nijar ɗin ta kuma taɓa dajin da ba na kowa ba. Wata doka ta 1992 ta kafa kasuwannin itace na karkara, inda ake danƙa wa ƙauye kula da dajin da ke kusa da shi, a raba shi kashi-kashi ana sara bi da bi, a ƙayyade yawan da za a fitar a shekara, ɗan kasuwa ya zo ya saya a wurin mutanen ƙauye maimakon ya shigo da masu saransa. Haraji kuma aka bambanta shi, ya yi sauƙi a kan itacen da ya fito daga dajin da ake kula da shi, ya yi nauyi a kan wanda aka saro daga inda babu tsari, wani kaso na kuɗin kuma ya zauna a ƙauyen. Dajin Baban Rafi da ke kudu da Maraɗi yana cikin inda aka gwada irin wannan tsari. Bai tsira daga maguɗi da raunin sa ido ba, musamman bayan kuɗin masu tallafi ya janye, amma ya kama bakin zaren, domin ya sa wa bishiyar da ke tsaye farashi.

A ƙasar Kano darasin ya fi shafar shingayen itatuwan da aka dasa don tare iska, irin waɗanda aka jera da turare da darbejiya a yankin Dambatta da ƙasar da ta zama Jigawa a 1991, musamman a ƙarƙashin shirin da Bankin Duniya ya tallafa daga 1987. Shingen tare iska yana buƙatar ragewa da datsewa, in ba haka ba itatuwan su yi tsawo, ƙasansu ya buɗe, iska ta bi ta ƙarƙashi, saiwoyinsu da inuwarsu kuma su cuci gonar da ke gefe, har manomi ya ɗauke su abokan gaba. Kasafin gwamnati yakan tanadi kuɗin dashe, domin shi ake gani a yi biki, ba kasafai yake tanadar kuɗin gyara ba. A kwarin Majiya da ke jihar Tawa, inda ƙungiyar CARE ta fara dasa layukan darbejiya a 1975, an warware wannan ta hanyar barin mutanen ƙauyuka su riƙa datse kawunan itatuwan bi da bi suna sayar da sanduna da itace, itatuwan kuma suna sake toho. Hukumar Babbar Katangar Itatuwa ta Najeriya, wadda doka ta kafa a 2015, za ta gamu da wannan tambaya a kan duk layin da ta dasa, kuma mai sayen abin da za a rage yana nan a birnin Kano yana jira.

Akwai kuma abin da kasuwar ƙaramin itace ba ta iya yi, wanda bai kamata a ɓoye ba. Ƙaruwar da aka gani a gonakin Kano mafi yawanta darbejiya ce, baƙuwar bishiya daga Indiya wadda Turawan mulki suka yaɗa, domin tana saurin girma, dabbobi ba su cika cinta ba, kuma tana jure datsa. Ɗorawa da kanya da ɗinya da rimi suna tsufa ba tare da isassun magada ba, saboda wanda ya rene su yau ba lalle ne ya ci moriyarsu ba. Wannan asara ce ta abinci da magani da inuwa wadda ƙidayar itatuwa kaɗai ba ta nunawa, kuma a nan ne tallafin hukuma yake da gurbi, ta hanyar samar da irin dashe da kare ƙananan tsirrai daga dabbobi. Babban maƙiyin itatuwan da ke kusa da birni kuwa a yau shi ne yankan fulotai, domin gonar da aka auna aka kafa mata duwatsu a hanyar Gwarzo ko Zariya ko Katsina ba ta da sauran manomin da zai yi tunanin kalwar baɗi, kuma dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta sauƙaƙa wa hukuma karɓe gonakin bakin birni. Roy Maconachie, wanda ya yi nazarin wannan yanki a shekarun 2000, ya nuna yadda rashin tabbas kan gona ke rage wa manomi niyyar renon itace.

Masu cewa mafita ita ce kowa ya koma gas suna da hujja mai ƙarfi ta fuskar lafiya, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin girki a cikin gida ya kashe mutane kimanin miliyan 3.2 a shekarar 2020, kuma matan da ke girki a ƙuntatattun tsakar gidajen tsohon birni suna cikin masu shaƙarsa. Sai dai tafiyar a baya-bayan nan baya take yi. Wani bincike da Maconachie da Adamu Tanko da abokin aikinsu suka buga a 2009 ya nuna gidajen Kano suna barin kananzir suna komawa itace saboda tsada, an cire tallafin kananzir a 2016, an cire na fetur ranar 29 ga Mayu 2023, kuɗin gas ya haura, kuma gawayi ya shiga gidajen da a da ba su san shi ba. Muddin haka lamarin yake, birnin zai ci gaba da ƙona itace na shekaru masu zuwa ko an hana ko ba a hana ba, abin da hukuma ke da iko a kai shi ne wane irin itace zai shigo. Tana iya yafe wa dami da ƙirare da sandunan da suka fito daga gonar mai ita kowane irin haraji da tsangwama, ta rubuta wa manomi haƙƙin datsa da sayarwa a fili yadda malamin daji ba zai yi masa wata fassara ba, ta ɗora haraji mai nauyi a kan gungume da buhun gawayin da ba su da takardar asali, ta kuma ƙulla yarjejeniya da ƙauyukan da ke gefen shingayen tare iska da gandayen daji su riƙa ragewa bisa ƙa'ida suna riƙe kaso na kuɗin. Tunda mafi yawan motocin daga wasu jihohi suke tasowa, harajin ba zai yi aiki ba sai Kano ta zauna da Kaduna da Bauchi da Jigawa sun amince da takarda iri ɗaya da farashi ɗaya.